RA'AYINMU: FILIN GWAJI SHI MA ALƘALI NE

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa tashar motar Television domin ya kama motar farko, to ya san mutanen da za mu yi magana a kansu. Tun kafin masu shayi su gama hura wuta za ka ji sautin ƙafafunsu a kan kwalta, wasu su biyu-biyu, wasu su kaɗai, yawancinsu samari, amma akwai 'yan mata jefi-jefi. Wasu su miƙa hanyar Kachia wajen Sabon Tasha, wasu su gangara Kakuri su bi ta gaban masaƙun nan da suka daɗe da yin shiru, masu dogon numfashi kuwa sai sun haye gada sun taɓo bangon filin wasa na Ahmadu Bello sannan su juyo. A cikinsu akwai masu shirin shiga soja ko ɗan sanda, akwai waɗanda likita ya tsorata, akwai kuma 'yan ƙalilan da ke gudu domin suna tsammanin wata rana za su sa rigar Nijeriya. Da yawa daga cikinmu ɗalibai daga wannan unguwa muka fito, wasu daga cikin masu gudun nan ƙannenmu ne, saboda haka muna ganin muna da ta cewa.

Tambayarmu ita ce, ran da ƙasa ta tashi zaɓen waɗanda za su wakilce ta a dogon gudu, a ina za a gwada waɗannan yara, kuma a kan wace irin ƙasa? Mai karatu zai iya cewa wannan ai ƙaramar magana ce, tun da gudu gudu ne, wanda ya riga kowa isa shi ne gwani. Mu kuwa a ganinmu wanda ya zaɓi filin gwaji ya riga ya yanke rabin hukunci tun ba a busa usur ba.

Domin mu bayyana abin da muke nufi za mu aro misali daga wani wasa wanda ba a san shi sosai a ƙasar nan ba, wanda Turawa ke kira oriyantirin, mu kuwa za mu kira shi gudun taswira. Asalinsa horon soja ne a ƙasashen Suwidin da Norwe, an fara yin gasarsa a bainar jama'a a Norwe cikin 1897, aka kafa ƙungiyarsa ta duniya a 1961, aka yi gasar duniya ta farko a Finlan a 1966. Yadda ake yinsa shi ne, a ba mutum taswira da kamfas a bakin daji, a kan taswirar an zana wuraren da aka kafa ƙananan tutoci masu launin fari da ruwan lemo, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya bisa jeri har ya fito. Ba wanda zai nuna masa hanya. Shi zai zaɓa ko ya hau tsauni kai tsaye, ko ya zagaya ta gindinsa, ko ya ratsa fadama. Ba a sakin masu tsere gaba ɗaya, ana sakinsu ne ɗai-ɗai da tazarar 'yan mintoci don kada wani ya bi bayan wani. Waɗanda suka yi Sikawut a sakandare, ko suka je horon Man O' War a tsaunukan Shere kusa da Jos, ko suka ga kuratan makarantar horon hafsoshi ta nan Kaduna suna fama da taswira a rana, sun ga ɗan'uwan wannan wasa ko da ba su san sunansa ba.

To, a ƙasashen da suka ɗauki wannan wasa da muhimmanci akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a duk lokacin da za a zaɓi 'yan wasan ƙasa. Kashi ɗaya na cewa a fara auna ƙarfin gudu tukuna, a sa kowa ya yi kilomita uku ko biyar a kan titi ko a da'irar filin wasa, wanda bai kai wani lokaci da aka yanka ba a sallame shi, domin duk iya karatun taswirarsa ba zai kamo wanda ya fi shi huhu ba. Ɗaya kashin kuwa na cewa gudun titi wani abu ne dabam, gudun daji wani abu ne dabam. A kan kwalta ƙafa tana sauka wuri iri ɗaya sau dubu goma, ƙasa tana mayar maka da ƙarfin da ka ba ta, ba abin da kake tunani sai numfashinka. A daji kuwa kowane taku da irinsa: nan rairayi ya shanye ƙarfinka, can saiwa ta kama yatsa, gaba ka ɗaga gwiwa ka tsallake kututture, kuma duk cikin wannan hali idonka na kan takarda kana lissafi. Sau da yawa an ga gwanin titi ya shiga daji ya zama abin tausayi, an kuma ga wanda ba ya taɓuka kome a titi ya bar mutane a baya da zarar an shiga duwatsu.

Kada mai karatu ya zaci za mu yi wa masu ra'ayin agogo dariya. Ko kusa. A gaskiya ma idan akwai ƙasar da ta kamata ta riƙe agogo hannu biyu-biyu, to tamu ce. Mun san yadda ake zaɓe a nan. Mun san wasiƙar da akan kawo daga wurin wani babba, mun san mai horarwa da ba ya ganin gwaninta sai a jikin yaran garinsu, mun san yadda sunan mutum kan ɓace tsakanin filin wasa da teburin akawu. Ga yaron da ba shi da kowa, agogo shi ne ubansa. Agogo bai san ƙabila ba, bai san addini ba, bai san ko daga arewacin kogi ka fito ko daga kudancinsa ba. Kwalta kuma ita ce filin talaka, ba a biyan kuɗin shiga, ba mai gadi a bakinta, tana nan a ƙofar gidan kowa. Idan aka ce za a daina duba lokacin da mutum ya yi a titi, a koma ga abin da ake kira idon masana, to an buɗe ƙofar da son kai zai shigo da rawaninsa. Saboda haka duk wanda ya ce mana a yar da agogo, mukan fara duba ko yana da ɗan'uwa a cikin masu neman gurbi.

Amma fa agogo abin da aka sa a gabansa kaɗai yake aunawa. Ba ya yin ƙarya, sai dai ana iya yi masa tambayar da ba ita ce ake bukata ba, ya kuwa amsa ta daidai. Tarihin dogon gudu cike yake da shaidar haka. A wasannin Olamfik na 1968 da aka yi a birnin Meziko, wanda ke bisa tudu na wajen mita 2,240, Ron Clarke na Ostareliya ya zo yana riƙe da bajintar duniya a tseren mita 10,000, watau a kan takarda ba mai kama ƙafarsa. Da aka yi tseren Naftali Temu na Kenya ne ya ci, Mamo Wolde na Habasha ya bi masa, Clarke kuwa ya zo na shida ya faɗi sumamme a bakin layi. Lokutan da ya yi a baya gaskiya ne, amma a inda iska ke da kauri ya yi su. Haka nan a Kampala cikin 2017, a gasar duniya ta gudun ratsa daji, Joshua Cheptegei ya ba kowa rata a gaban mutanen ƙasarsu, sai a zagayen ƙarshe zafi da gajiya suka kama shi yana tangaɗi, ya ƙare na 30. Bayan shekara biyu, a Aarhus ta ƙasar Denmak, a kan fili mai hawa da gangara da taɓo, shi ne ya zo na ɗaya. Mutumin bai sake ba, fili da yanayi da shiri ne suka sake.

Kai, ko ita kwaltar ma ba duka ta zama ɗaya ba. Tsawon gudun famfalaki kilomita 42.195 ne a ko'ina, amma hukumar guje-guje ta duniya ba ta karɓar bajinta daga hanyar da gangararta ta wuce mita ɗaya a kowace kilomita, ko wadda mafarinta da maƙurarta suka yi nisa da juna ainun har iska ta iya tura mutum daga baya tun daga farko har ƙarshe. Shi ya sa da Geoffrey Mutai ya yi awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 2 a Boston cikin 2011, lokacin da ba wanda ya taɓa yin irinsa, ba a rubuta masa a matsayin bajintar duniya ba. Idan masu titi da kansu sun yarda titi ya bambanta da titi, ina ga titi da daji?

Abin da ya fi burge mu game da masu gudun taswira shi ne yadda suka ɗauki maganar fili a matsayin maganar adalci, har suka yi mata doka. Da zarar an tsai da dajin da za a yi babbar gasa a cikinsa, sai a sanar da iyakarsa a haramta wa duk mai niyyar shiga gasar taka shi, wani lokaci shekaru kafin ranar, wanda kuwa aka kama ya saci jiki ya leƙa, to ya fita daga gasar. Dalili kuwa a fili yake: wanda ya san daji ba ya bukatar taswira, ba a gwada shi ba ke nan. Sannan sai a ware wasu dazuzzuka masu kama da na gasar a buɗe su ga kowa domin atisaye. Ƙasashen da suka san abin da suke yi kuma, idan za su zaɓi wakilansu, sukan nemi fili mai kama da inda za a je a kara, ko da kuwa sai sun kwashi 'yan wasansu sun ƙetare iyaka da su. Da gudun cikin gari ya ƙarfafa, wanda ake yi tsakanin gidaje da lunguna da taswira mai ma'aunin 1:4,000, sai suka ga cewa gwanin lungu da gwanin daji ba lalle ne su zama mutum ɗaya ba, daga 2019 suka raba gasar duniya gida biyu, shekara guda ta daji, shekara guda ta gari. Watau dai sharaɗi biyu suke nema ga filin gwaji: ya yi kama da filin da za a je, kuma kada ya zama gidan wani.

Yanzu mu dawo gida. Nijeriya ba fili ɗaya ba ce. Ikko tana bakin teku, da zafi da gumi mai danƙo. Kaduna tana wajen mita 600 bisa teku, da hunturu mai busar da maƙogwaro. Jos ta kai wajen mita 1,200, Mambila ta fi haka. Yaron da ya tashi a Pankshin yana hawa da sauka tun yana tallar gyaɗa, da yaron Television wanda duk gudunsa a gefen titi ne yana kauce wa 'yan acaɓa da hayaƙin tirela, ba jiki ɗaya suka gina ba. In ka kai su shimfiɗaɗɗen titi za ka ga abu ɗaya, in ka kai su tsaunin Obudu, inda aka fara tseren hawan dutse a 2005, za ka ga wani abu dabam. Wanne ne gwanin? Sai ka fara gaya mana inda za ka aike shi.

Ba mu ga alamar masu zaɓe suna yi wa kansu wannan tambaya ba, kuma sakamakon bai ɓoyu ba. A 1988 Abbas Mohammed da Yohanna Waziri sun wakilci Nijeriya a gudun famfalaki na Olamfik a Seoul. A 1990 Abbas ya yi awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6, wannan bajinta kuwa ta shafe fiye da shekara talatin tana jiran ɗan Nijeriyan da zai karya ta, alhali a duniya an rage fiye da minti shida daga bajintar wancan zamani. Tun da aka fara babban tseren Ikko a 2016 mutanen Kenya da Habasha ke kwashe manyan kyaututtuka, namu kuwa, waɗanda galibinsu 'yan Filato ne, sai su yi ta kokawa a kan kyautar da aka keɓe wa 'yan gida. Da aka yi tseren rabin famfalaki na Kaduna a watan Nuwamba na 2020 ma labarin bai sake ba. Ba mu ƙi waɗannan tserukan ba, sun kawo kuɗi da ɗoki, sun kuma sa yara da yawa sun nemi takalmi. Sai dai biki ne na yini ɗaya, ba tsarin zaɓe ba ne. Mutanen Kenya da muke sha'awa, kafin su fito titi sai sun shekara da shekaru suna gudun ratsa daji tun daga makaranta, daga gunduma zuwa lardi zuwa ƙasa, a kan jar ƙasa da ciyawa. Mu mun ga 'ya'yan itacen a titi, sai muka zaci a titi aka shuka shi.

Akwai kuma wani tudu da ba ya fitowa a taswira, shi ne kuɗin mota. Idan aka sa gwaji a wani gari mai nisan kwana guda, aka kuma sanar saura mako ɗaya, to wanda ke da kuɗin tafiya da masauki shi aka zaɓa. Yaron da ya kwana a zaune cikin mota daga Kaduna, ya sauka da kumburarrun ƙafafu, ya kwanta a benci, gobe da safe aka jera shi da wanda ya kwana a gadonsa, ba za mu kira wannan tsere ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma yaya mutum zai shirya wa tafiyar da ba a gaya masa ranarta ba?

Daɗin daɗawa, ko wanda ya tsallake duk waɗannan ramuka bai tsira daga teburin ofis ba. A wasannin Olamfik na Tokyo cikin 2021 an hana 'yan guje-guje da tsalle-tsalle goma na Nijeriya shiga gasa, ba don an kama su da wani laifi ba, sai don ba a yi musu yawan gwajin ƙwayoyi da doka ta tanada kafin gasar ba. Ɗaya daga cikinsu, Annette Echikunwoke, ta koma Amurka ta ciyo mata lambar azurfa a jifan guduma a Faris cikin 2024. A Faris ɗin nan kuwa Favour Ofili ta cancanci tseren mita 100 amma ba a shigar da sunanta ba, muka kuma dawo gida ba ko lamba ɗaya. Idan haka ta faru ga waɗanda duniya ta san sunansu, to me zai faru ga yaron da ba wanda ya san shi sai mai shayin bakin tasha?

Saboda haka muna kira ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka maido a 2024, da hukumar guje-guje da tsalle-tsalle, da ma'aikatar da ke kula da wasanni a Jihar Kaduna, su rubuta ƙa'idar zaɓe a takarda, su buga ta tun farkon shekara, da ranar gwaji da wurinsa da irin ƙasarsa, yadda kowa zai karanta ya shirya. A bar agogon titi ya zama ƙofar shiga, watau duk wanda ya kai lokacin da aka yanka a kan hanyar da aka auna da gaske, a kira shi, a kuma biya masa kuɗin mota, ko ɗan wane ne. Amma hukuncin ƙarshe a yanke shi a kan fili irin wanda za a je: mai zuwa tseren titi a gwada shi a titi, mai zuwa ratsa daji a ciyawa da taɓo, mai zuwa hawan dutse a dutse. Kuma kada a dawwama a gari ɗaya, bana nan, baɗi can, domin amfanin zama ɗan gida ya zagaya kan kowa. Idan har dole ne a bar wa masu horarwa gurbi ɗaya su cika da ganin idonsu, saboda gwani kan yi zazzaɓi ranar gwaji kamar kowa, to su rubuta dalilinsu su sa hannu, a manna shi inda aka manna sakamako.

Ba za mu tsame kanmu ba. A jami'o'inmu ma, sau nawa aka zaɓi masu zuwa wasannin jami'o'i ta hanyar zagaya titin cikin makaranta da yamma, wanda masu kwana a ɗakunan ɗalibai suka san kowane raminsa, alhali masu zuwa daga gari ba su ma ji an yi ba? Ƙungiyar ɗalibai ba ta da bakin yi wa Abuja wa'azi sai ta gyara wannan.

Mun san abin da za a ce mana game da daji, kuma gaskiya ne. Ba mu manta da ɗaliban makarantar gandun daji ta Afaka da aka sace a 2021 ba, ba kuwa za mu ce wa ƙanenmu ya ɗauki kamfas ya nufi bayan gari shi kaɗai ba. Rashin tsaro ya ƙwace mana filin atisaye mafi kyau da Allah ya ba mu kyauta, ya koro kowa kan kwalta, wannan ma wata asara ce da ba a cika lissafa ta ba. Amma akwai filaye masu shinge a cikin gari: filin sukuwa, filin folo, filin golf, harabar makarantu da ta barikoki, waɗanda da ɗan roƙo da wasiƙa za a iya buɗe su safiyar Asabar ɗaya a wata.

Shi kuwa gudun taswira na cikin gari ba ya bukatar daji ko kaɗan. Abin da yake bukata taswira ce mai kyau, ɗaliban safiyo da na labarin ƙasa kuwa suna nan cikinmu suna neman aikin da za su rubuta a shekarar ƙarshe. Lungunan Television, da kwatocinta da kasuwarta da hanyoyin da ke ƙarewa a bangon wani gida ba zato, sun isa su rikita kowane baƙo. Sai dai bisa ƙa'idar da muka yaba a sama, 'yan Television ba za a gwada su a Television ba. Su za a kai su Tudun Wada ko Unguwar Sarki, a kawo 'yan can nan, kowa ya riƙe takarda a unguwar da bai sani ba. Mun san tun bayan rikicin 2000 akwai samari a kowane ɓangare na kogin nan da ba su taɓa taka lungunan ɗaya ɓangaren ba, kuma mun san sai an zauna da masu unguwanni da iyaye kafin a kafa tuta ko ɗaya. Muna roƙon sakataren wasanni na ƙungiyarmu ya sa wannan magana cikin ajandar zaman majalisar ɗalibai mai zuwa, shafukan wannan mujalla kuma a buɗe suke ga duk ɗalibin safiyo da ya yarda ya zana taswirar farko.